Shin zan iya yi wa mota juye a kan gangaren ƙofar gida?

Mai tambaya daga Jos:
Assalamu alaikum. Ina da Toyota Corolla samfurin 2006 mai inji lita 1.8, kuma ina son in riƙa yi mata juye da kaina. Matsalar ita ce babu fili a gidan sai simintin da ya gangara daga ƙofar gareji zuwa bakin kwata. Shin idan na ɗaga ta da jak a wurin akwai haɗari, kuma tsohon man zai fita duka?

Bakanike daga Kaduna:
Wa'alaikumus salam, Malam. Ina roƙonka kada ka ɗaga ta a kan gangare. Corolla da tayoyin gaba take ja, saboda haka giyar da ka saka, ko P idan mai canja giya da kanta ce, tayoyin gaba kaɗai take riƙewa. Da zarar sun bar ƙasa, nauyin motar gaba ɗaya ya koma kan birkin hannu, wanda a tsofaffin motoci sau da yawa wayarsa ta saki. Jak ɗin da ke zuwa da mota na canjin taya ne a shimfiɗaɗɗen wuri, ba a yi shi don mutum ya shiga ƙarƙashi ba, bulon siminti kuma, idan an tokare mota da shi, yana farfashewa ba tare da wata alama ba. Idan lalle a gida za ka yi, ka bar tayoyi huɗun a ƙasa, ka ja birkin hannu, ka danna waigi na katako a kowace tayar baya ta ɓangaren da ƙasa ta gangara, sannan ka miƙa hannu da sufana mai lamba 14 ka kwance notin fitar da mai da ke ƙarƙashin injin.

Direban haya daga Zariya:
Na yarda da maganar Oga, sai dai gangaren yana da amfani idan aka san yadda za a tsayar da motar. Notin yana can bayan kaskon mai, don haka a sa hancin motar ya fuskanci tudu, man zai taru a bakin ramin ya tsiyaye sosai. A ɗumama injin kaɗan tukuna, a kuma tokare robar tarar man da katako, domin tana karkata ta zubar.

Bakanike daga Kaduna:
Gaskiya ne, Alhaji, amma awon mai ba ya yiwuwa a gangare, domin sandar awo za ta nuna ƙasa ko sama da abin da ke ciki. Wannan injin yana ɗaukar kimanin lita huɗu idan an canja filta. Malam, ka zuba lita uku da rabi, ka tayar da injin ka duba ko notin da filtar suna yoyo, sannan ka kai motar shimfiɗaɗɗen wuri, ka kashe ta, ka jira minti biyar kafin ka auna ka cika. Baƙin man kuma ka juye shi a galan ka kai wa makanikai, kada ya bi gangaren ya shiga kwata.