Auna girman zuciyar ɗan tayi a sikanin

Sista Rabi: Assalamu alaikum. Don Allah manya, ta yaya ake tabbatarwa zuciyar ɗan tayi ba ta wuce kima ba? Duban ido ya isa?

Dakta Bello: Wa alaikumussalam, Sista. A'a, sai an auna. Lokaci mafi dacewa mako 18 zuwa 22. Ki ɗauko ƙirjin a gicciye, daidai inda ɗakunan zuciya huɗu suka fito sarai, ki ƙara girman hoton. Ki zagaye zuciyar, sannan ki zagaye ƙirjin ta bayan haƙarƙari, ban da fata. Kewayen zuciya kusan rabin na ƙirji ne. In fili kika auna, kashi ɗaya cikin uku take ci.

Malam Nura: Inda aka fi samun kuskure ke nan, wajen ɗaukar hoton. Haƙarƙari ɗaya cikakke ake so a gani a kowane gefe. In kin ga guntaye uku ko huɗu a jere, kan na'urar ya karkace, awon ba zai yi daidai ba. Kuma kada ki auna duk inda hoton ya tsaya. Ki mayar da shi baya a hankali zuwa lokacin da ɗakunan ƙasa suka cika da jini, bawul ɗin, wato ƙofofin da ke tsakanin ɗakunan sama da na ƙasa, sun rufe.

Dakta Zainab: In lissafi ya haura rabi, kada a yi gaggawar tayar wa uwa hankali. Wani sa'in ƙirjin ne ƙarami, musamman in ruwan mahaifa ya yi ƙaranci ko ɗan bai girma yadda ya kamata ba. A gwada kewayen ƙirjin da makonnin cikin tukuna. In zuciyar ce ta girma, ƙarancin jini a jikin ɗan nake fara zargi: a duba ko jinin uwar Rhesus nagetif ne, a yi Doppler, wato awon gudun jini, na jijiyar tsakiyar ƙwaƙwalwar ɗan. Sai bawul ɗin dama mai yoyo, irin na cutar Ebstein, wato nakasar wannan bawul tun a halitta. A ƙirga bugu ma, 110 zuwa 160 a minti.

Sista Rabi: Na gode, Dakta. Mai ciwon suga fa?

Dakta Zainab: Bangon tsakiyar zuciyar ɗan kan yi kauri a ƙarshen ciki, a sake dubawa a watanni ukun ƙarshe.

Dakta Bello: Ki kuma duba inda tsinin zuciyar ya nufa: hagu, wajen digiri 45, gefe ɗaya da tumbi. In ya saɓa, ko kin sake awo bai sauko ba, ki tura uwar wurin likitan zuciyar yara.