Wa ya yi wa wani alfarma tsakanin Kano da Maraɗi?

Alhaji Mai Albasa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, sai na faɗi abin da ke cina. Ranar Litinin aka yi min lodin albasa a Galmi. Motar ta biyo ta Maraɗi, ta wuce Ɗan Issa ta shigo Jibiya, amma sai daren Juma'a ta iso kasuwar 'Yankaba a Kano. Tafiyar yini ɗaya ce fa in hanya a sake take. Da muka sauke, buhunan ƙasa duk sun yi ruwa, wari ya hana maƙwabtan rumfa zama. Direba ya ce tsakanin Jibiya da Katsina kawai, da ya wuce shinge na ashirin sai ya daina ƙirgawa. Kowanne sai ka sauko, kowanne sai ka miƙa, alhali takardunmu cikakku ne. Kullum manya na zama a Abuja da Yamai suna maganar haɗin kai da sauƙaƙa fatauci. Ni dai na ce ba rashin titi ke kashe mu ba, tsayawa ce. Ko an gama layin dogon nan da muka yi wa Nijar alfarma muka ja daga Kano har Maraɗi, in masu tare hanya za su tattara su koma tasha, albasa za ta ruɓe a tarago kamar yadda ta ruɓe a tirela.

Ɗan Maraɗi: Alhaji, Allah shi maida alheri, asara ba daɗi. Amma kalmar nan ta alfarma, ka ɗauke ta. Kayan Nijar da ke zuwa ta teku, shekara da shekaru a Kwatano suka riƙa sauka, su biyo Parakou, su haye gadar Malanville zuwa Gaya. Wasu a Lome. Najeriya ta ga kuɗin tashar ruwa na tafiya Benin da Togo, ta ce bari ta jawo su Legas. Neman kasuwa ne. Wanda ya kafa rumfa a ƙofar gidanka ba ya cewa taimakonka ya yi.

Ɗan Jami'a: Yaya, da girmanka, bari mu duba lissafi. Layin kilomita 284 ne, kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal aka ba kwangilar, kuɗin ya kusa dala biliyan 2, an aza harsashi a Fabrairun 2021. Wa ke biya? Najeriya. Kuma da bashi a ciki, mu matasa ne za mu gaje shi. In mutum ya ci bashi ya shimfiɗa maka hanya har zauren gidanka, ba ka ba da ko sisi ba, wane suna za a ba wannan in ba alfarma ba?

Malam Bakatsine: Yaro, ka karanta tashoshin kafin ka yi magana. Kano, Ɗambatta, Kazaure, Daura, Katsina, Jibiya, ga reshe ya tafi Dutse. Duk waɗannan a Nijar suke? Ɗan guntun ƙarshe ne kawai ya tsallaka. Sannan ina so a daina yi wa Maraɗi kallon baƙuwa. Bayan jihadi, sarakunan Haɓen Katsina ne suka yi arewa suka kafa ta, har yau Sarkin Katsina ake kiran mai sarautar can. Ni ƙanwar mahaifiyata a can take aure, jikokinta suna zuwa mana sallah. Bature ne ya zo ya ja layi a tsakiyar gida ɗaya. Mutum ba ya yi wa ɗakin uwarsa alfarma.

Hajiya 'Yar Kwari: Malam, zumunci daban, kasuwa daban. In gida ɗaya ne, me ya sa in na aika atamfa Maraɗi sai an caje ni ta nan an caje ni ta can? Kuma tunda ana musun alfarma, wutar lantarki fa? Kafin rikicin juyin mulkin Nijar na 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa. Mu a Kano muna kwana cikin duhu, Yamai na haske.

Ɗan Maraɗi: Hajiya, kin taɓo inda ke yi mani ciwo. Wutar saye muke, ba kyauta ba. Kuma ruwan da ke juya injinan Kainji ta ina ya biyo? Kogin Kwara sai ya ratsa Nijar kafin ya shiga wajenku. Sannan wutar nan ita kuka yanke a watan Agustan 2023, kuka rufe iyaka, magani ya yanke a asibiti, buhun shinkafa ya gagari talaka. Sai Maris na 2024 aka buɗe. Wanda ya kashe maka fitila ranar da kake jinya, kar ya zo daga baya yana maka gori.

Hajiya 'Yar Kwari: Saye kuke, amma ana biya a kan kari?

Ɗan Maraɗi: Kawo takardar bashin in gani.

Hajiya 'Yar Kwari: Kowa ya sani, ba sai da takarda ba.

Baban Tasha: Jama'a ku yi haƙuri, ni direba ne, shekarata talatin a kan titin nan, kuma Alhaji gaskiya ya faɗa. Muna da Brown Card ɗin inshora da ECOWAS ta kawo tun 1982 don mota ta tsallaka iyaka da takarda ɗaya. Ka nuna shi a shinge, ba a ko buɗewa, hannunka ake kallo. Ta ɓangaren can ma haka ne, kar wani ya wanke kansa, sai dai can sefa ake karɓa nan naira. Abin da ya fi damuna shi ne tsayawar nan ke jefa mu cikin dare. Ka shirya ka wuce dajin Jibiya da rana tsaka, a riƙe ka har magariba, sai dai ka kwana a bakin titi, don mai hankali ba ya shiga wurin nan da duhu. Shingen da aka ce don tsaro aka kafa, shi ke miƙa mu ga 'yan bindiga. Da aka rufe iyakoki a Agustan 2019, an buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, Jibiya kuwa sai Afrilun 2022. Kaya sun daina shigowa? Ko kusa. Babura ne suka riƙa ɗauka ta ɓarauniyar hanya, mu masu takarda muka zauna. 'Yan'uwanmu da ke ɗauko kaya daga Lome yanzu, tunda gadar Gaya a rufe take, ta garuruwan Kaya da Dori na Burkina Faso zuwa Tera suke bi, sai an tara motoci sojoji sun rako su. Mutum ya yi makonni yana jiran ayari. Abin da muke roƙo kaɗan ne: a duba kaya sau ɗaya a iyaka, jami'an ƙasashen biyu a rumfa ɗaya kamar yadda aka gina a Seme da Krake, iyakar Najeriya da Benin, a buga hatimi, a bar mu mu tafi.

Badamagare: Ni tambayata ɗaya ce. In don kasuwa aka yi layin, me ya kai shi Maraɗi ya bar Damagaram? Titin da ya taso daga Aljeriya ta Tamanrasset da Agadas, ta Damagaram ya biyo ya sauka Kano. Matatar mai ta SORAZ tana wajenmu tun 2011. Shanun da ke cika kasuwar Maigatari ta wajenmu suke gangarowa. Ku faɗi gaskiya, Daura ce ta ja layin nan, ba lissafi ba.

Malam Bakatsine: A'a, ban yarda ba. Mutumin nan ya riga mu gidan gaskiya, ku bar shi ya huta. Marigayi Buhari ya hango abin da ba ku hango ba. Kafin shi wa ya tuna da Katsina a maganar jirgin ƙasa? Bature ya kawo dogo Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda, ya kai Nguru, ya tsallake mu. Shekara ɗari muna kallo. Yanzu da aka tuna da mu sai a ce son kai?

Badamagare: Malam, ai da bakinka ka faɗa. Katsina aka yi wa, ba Nijar ba.

Ɗan Maraɗi: Madalla. To ina alfarmar?

Ɗan Jami'a: Ga ta nan. Kun fice daga ECOWAS a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025, ku da Mali da Burkina Faso. Duk da haka ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo ɗinku, a bar ku ku shiga ku fita, a bar kayanku a tsarin da ake ciki. Ku kuma kuka saka harajin kashi 0.5 cikin ɗari a kan kayan da ke shigo muku daga waje. Wa ya kyautata wa wani? Kuma dogon da kamfanin Bolloré na Faransa ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso, tun 2016 jirgin kasuwa nawa ya bi ta kai?

Ɗan Maraɗi: Ƙanena, CEDEAO ɗin da ta ce za ta turo soja a kanmu kake so mu gode mawa? Ka taɓa zuwa Ɗan Issa ma kuwa, ko a waya kake ganin iyakar?

Ɗan Jami'a: Ba sai na je ba kafin in san gaskiya. Kuma ECOWAS sunanta.

Ɗan Maraɗi: Ku ce naku na Ingilishi, mu ce namu na Faransa, ba wanda ya gada daga kakansa.

Hajiya 'Yar Kwari: Ni dai a daina raina yaro don ya yi karatu. Abin da ya kawo da lamba ya kawo shi, ku kuwa sai labarin kakanni.

Malam Bakatsine: Hajiya, tarihin gidanmu ne labarin kakanni? Gyaɗar da aka tara dala da ita a Kano, har da ta Maraɗi da Damagaram a ciki, a tambayi dattawa.

Hajiya 'Yar Kwari: To ka ga, can ma Kano ce ta ɗauke muku kaya.

Baban Tasha: Ba wanda ya ce komai a kan maganar duba kaya sau ɗaya.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe wannan batu. Abin da na fahimta, kuma nake ganin mafi yawanmu mun tsaya a kai, shi ne layin dogon Kano zuwa Maraɗi hangen nesa ne na marigayi, kuma arewa ce za ta fi kowa cin moriyarsa, musamman Katsina da aka daɗe ana tsallakewa. Malam Bakatsine ya kawo hujjoji na tarihi waɗanda ba wanda ya iya turewa. Maganar cewa Daura ce ta ja layin, zargi ne kawai, ba mu karɓa ba. Kalmar alfarma kuwa, ina ganin ɓacin rai ne ya sa Alhaji ya furta ta, mu ɗauka ya janye. Matasa kuma a riƙa tauna magana a gaban manya. In jirgi ya fara aiki, duk wannan wahala ta hanya za ta zama labari in Allah ya so.

Badamagare: Shugaba, mutum ɗaya ne ya faɗi abin da ka ce mafi yawa sun tsaya a kai, kuma ɗan garinku ne.

Alhaji Mai Albasa: Ranka ya daɗe, yanzu na dawo daga rumfa, mun yini muna tsince mai kyau daga ruɓaɓɓiya. Kalmar ku ɗauke ta, ban damu da ita ba. Baban Tasha, don Allah ka kira ni. Motata ta biyu tana Ɗan Issa tun shekaranjiya, ita ma albasa ce, ina so ka faɗa min ko in sa a sauke ta a Maraɗi a sayar ko nawa ne.