An cire sunan ƙanena bayan ya ci jarrabawa

Auwalu Gangare: Jama'a ku taya ni ji. Ƙanena ya nemi aiki a wata hukumar tarayya, ya ci jarrabawar kwamfuta, ya je Abuja aka tantance shi. Da jerin ƙarshe ya fito, babu sunansa. Wai a fom ya cike Filato, amma takardar indijin ɗin da ya kai, wato shaidar ɗan asalin jiha, ta Kano ce. To ta nan Jos ɗin ya samu ne? Yanzu dai lauya ya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. A garin da aka binne cibiyarmu an mayar da mu baƙi.

Hajiya Ladi: Allah ya bi masa hakkinsa. Amma Auwalu ka janye kalmar baƙi. Kakana kuza ce ta kawo shi Jos tun zamanin Turawa, a nan aka binne shi. Ni ba baƙuwar kowa ba ce.

Auwalu Gangare: Hajiya, ai ba ni na ce ba, su suka mayar da mu.

Danjuma Rikkos: Kuza ta kawo shi daga ina? Wanda aka kawo ai daga wani wuri ya zo. Ku riƙa faɗin gaskiya.

Hajiya Ladi: Danjuma, sa'ar uwarka ce ni, ka iya bakinka.

Barista Nura: Ku tsaya mana. Sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 ya ce a raba muƙamai tsakanin jihohi, shi ya sa ake neman takardar indijin. Sashe na 42 kuma ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda asalinsa. Abin da kotu za ta duba shi ne, sharaɗin yana cikin sanarwar ɗaukar aikin? Auwalu turo mini sanarwar.

Danjuma Rikkos: Barista bar mu da sashe. Idan Bahaushe ɗan gari ne a Jos, Birom ɗin da aka haifa a Sabon Gari zai samu takardar Kano?

Sabi'u Dilimi: Ga 'yan koren nan sun fara. Tun da Babangida ya ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 kuke wannan waƙar.

Danjuma Rikkos: Wa kake kira ɗan kore? Kai da aka ba ka babur lokacin kamfen?

Sabi'u Dilimi: Babur ɗina da guminsa na saya, tambayi 'yan Taminus.

Maman Husna: Ni dai na san ko takardarsa ta yi daidai, in babu ɗan majalisa a bayansa sai dai haƙuri. Kun manta 2014 da aka karɓi naira 1,000 a hannun masu neman aikin shige da fice, aka tattake mutane a filin wasa na Abuja?

Barista Nura: Auwalu, sanarwar fa?

Shugaba Garba: To, na rufe wannan magana. Abin da aka cimma: mafi yawanmu sun yarda mu ba baƙi ba ne, kuma Hajiya ta kawo hujja mai ƙarfi. Danjuma bai kawo komai ba sai tsokana, na cire shi daga wannan zaure na kwana 3. Zancen babur a bar shi, kowa ya san Sabi'u mutumin kirki ne. Auwalu, in an sa ranar zama ka sanar da mu.