Abin daidaita ragar sussuka ya cije a tsohon injin girbi, yaya zan kwance shi?

Manomi daga Lere ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan tsohon kwambain, wato injin girbi da sussuka, da muka gada daga mahaifinmu, ƙirar Turai na shekarun 1980, wanda muke aiki da shi a gonarmu kusa da Saminaka. A ƙarshen kakar bara shinkafa muka cashe da shi, muka bar ragar da ke ƙarƙashin gangar sussuka, wadda makanikai ke kira konkeb, a tsuke yadda aikin shinkafa ke bukata, sannan muka ajiye shi a fili muka lulluɓe da tamfol. Tamfol ɗin ya yage tun cikin Yuli, ruwan Agusta da Satumba duk a kansa ya ƙare. Yanzu masara ta bushe a kara, na zo buɗe ragar, sai na tarar hannun da ake juyawa ya cije, ko motsi ba ya yi. Na gwada layi biyu a haka, abin da ya zubo a tanki kusan rabi tsaki ne, totuwa kuma ta farfashe ta toshe rariya. Yaran gona sun kawo dogon bututu za su zura a hannun su danna, na ce su dakata tukuna. Shin in bar su, ko akwai hanyar da ta fi wannan?

Bakanike a kasuwar Panteka ta Kaduna ya amsa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka kyauta da ka hana bututun nan. Hannun da kake juyawa wata ƙaramar giya yake murɗawa, ita kuma ta juya sandar ƙarfen da ta ratsa injin daga wannan gefe zuwa wancan, sandar ce ke ɗaga ragar ko sauke ta ta hanyar maratayan da ke dama da hagu. Idan aka danna da ƙarfin mutum uku, ko fin ɗin da ya haɗa giyar da sandar ya gutsure, ko haƙoran giyar su zube, ko kuma sandar ta murɗe, ragar ta zauna a karkace har abada. Kayan irin wannan inji kuwa ba a samunsu a kanti, sai dai a sa masu sassaƙar ƙarfe su ƙera, kuma kaka ba za ta jira ka ba.

Kafin komai a kashe inji, a zare makulli, a cire kan batir, domin hannun mutum zai shiga kusa da ganga. Daga nan sai shara. A ganina, cikin injunan da ake kawo mana da wannan matsala, da yawa ba tsatsa ce kaɗai ta riƙe su ba. Ɓuntun shinkafa da ƙura ne suke shiga tsakanin gefen ragar da bangon inji, su sha ruwan damina, su bushe su zama kamar bulon ƙasa, a wasu ma har da sheƙar ɓeraye. A sa siririn ƙarfe a tone wurin da kuma ramukan da maratayan ke zamewa a ciki, a goge da burushin waya, a aro injin hura iska na masu faci a busa har ƙarfe ya fito fili.

Bayan haka a tallafi ragar da jak da guntun katako, ba don a tura ta sama ba, sai don nauyinta ya sauka daga kan maratayan. Sai a cire fin ɗin da ya haɗa giyar da sandar, a gwada kowanne shi kaɗai. Nan ne za ka san inda ciwon yake: idan hannun ya juya, giyar lafiya take, matsalar tana bushin sandar, wato zoben da take juyawa a cikinsa, ko maratayan. A jiƙa wurin da ya cije da man feshin kwance tsatsa na WD-40, ko man birki, ko a haɗa man giyar mota mai atomatik da sinadarin asiton rabi da rabi, safe da yamma, kwana biyu ko uku. Man birki yana cin fenti, a kula da inda yake ɗiga. Kowane zuwa a ɗan bubbuga gidan bushin da guduma ta kan guntun tagulla, a motsa gaba kaɗan, baya kaɗan. Ranar da ka ga man yana tsattsafowa da launin tsatsa, to ya fara saki.

Tsohon direba daga Soba ya ƙara da cewa:

Duk abin da Oga ya faɗa haka yake, sai dai na san akwai wanda zai ce a kira mai walda ya gasa wurin a huta. Wuta tana kwance tsatsa, ban musa ba, amma ita ce ta ƙarshe. Ni da idona na ga injin da aka gasa wa noti da la'asar, aka tashi aka tafi gida ana murna, ashe ƙaiƙayi ya kama a wani lungu yana ci a hankali, kafin asuba bel da wayoyin gefe guda sun ƙone. Idan ta kama dole, a janye injin daga gona da tarin kara, a wanke cikinsa, a goge man da aka zuba, a ajiye ruwa da yashi kusa. Notin ko gidan da ke waje ake gasawa don ya buɗe, ba sandar da ke ciki ba, kuma a nisanci boris ɗin ganga, domin zafi yana narkar da giris ya lalata robarsa. Bayan an gama, mutum ɗaya ya zauna wurin awa biyu yana dubawa.

Ɗalibar injiniyancin noma a Samaru ta rubuta:

Baba, ina so in ƙara abu ɗaya game da bayan an kwance. Lambar da ke jikin hannun ba abin dogaro ba ce a tsohon inji, sai an auna tazarar da ke tsakanin ƙarfen ganga da ragar a dama da hagu, a daidaita notocin maratayan har su zo ɗaya, in ba haka ba gefe guda zai riƙa fasa ƙwaya, ɗayan yana barin ta a jikin totuwa. Tazarar da ke bakin ragar ta fi ta bayanta faɗi. Ga masara, ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne totuwar gonarka: a ɓare guda, a buɗe bayan ragar kusan kaurinta, abin da kan kai milimita 20 zuwa 30, a kuma rage gudun ganga zuwa wajen juyi 400 zuwa 600 a minti. Idan totuwa tana fitowa a baya ɗungurungum kuma babu ƙwaya a jikinta, an samu daidai.

Manomi daga Lere ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri. Da muka tone gefen hagu, abin da ya fito ya kusa cika kwano biyu. Giyar ta juya da hannu ɗaya bayan mun cire fin, bushin hagu ne ya cije, ya kuma saki a rana ta uku ba tare da wuta ba. Da muka auna kamar yadda 'yata ta ce, sai muka ga dama ta fi hagu buɗewa da kusan kaurin ɗan yatsa, wataƙila tun zamanin mahaifinmu haka take. Zaren marataya ɗaya ya cinye, noti ba ya kama shi. Oga, idan na kawo shi Panteka ranar Litinin, za a iya sassaƙa mini irinsa a yini ɗaya, ko in zo da na ɗayan gefen don a gwada da shi?