Komawar Navalny Mosko: jarumta ce ko ganganci?

Auta: Ni fa har yau na kasa gane Alexei Navalny, jagoran 'yan adawar nan na Rasha. An sa maka guba a Agustan 2020, da ƙyar likitocin Jamus suka ceto ranka, sannan ranar 17 ga Janairun 2021 ka hau jirgi da ƙafarka ka koma Mosko? Ganganci ne kawai.

Kawu: A hankali, Auta. Hukumar gidajen yari ta riga ta ce za ta kama shi, kuma ya sani. Lissafinsa shi ne, ɗan adawar da ya tare a waje ya zama ɗan kallo. Ga Khodorkovsky, tsohon attajirin man fetur mai adawa da Putin, can a Landan shekara da shekaru, wa ke fita titi dominsa?

Auta: Amma yana raye, Kawu.

Yaya: Auta, duba abin da ya biyo baya. Kwana biyu da kama shi mutanensa suka saki bidiyon katafaren gidan nan na bakin teku kusa da Gelendzhik, wanda suka ce na Putin ne. An kalle shi sama da sau miliyan 100, har Putin da kansa ya fito yana cewa ba nasa ba ne. Mutane suka fita zanga-zanga cikin ƙanƙara, wasu riƙe da burushin wanke masai, saboda bidiyon ya nuna tsadar burushin da ke gidan. Da daga Jamus ya yi maganar, sai a ce yaron Turawa ne, a wuce.

Auta: To sai me, Yaya? An ayyana ƙungiyarsa ta yaƙi da cin hanci a matsayin ta masu tsattsauran ra'ayi, a 2023 aka yanke masa shekara 19, aka jefa shi kurkukun Kharp can ƙuryar arewa. Ranar 16 ga Fabrairun 2024 aka ce ya mutu, yana da shekara 47. Wata guda bayan nan Putin ya sake zarcewa.

Gwaggo: Ku kuna ta lissafin siyasa, ni uwarsa nake gani. Tsohuwa ta yi mako guda a wannan sanyin tana bin ofis-ofis a ba ta gawar ɗanta. Da ɗana ne, wallahi ƙafarsa zan riƙe a filin jirgi.

Kawu: Ai ba za ki iya ba, Hajiya. Mutumin da ya buga wa ɗaya daga waɗanda ake zargi da sa masa guba waya, ya ɓad da kama, har ya sa shi ya yi bayanin yadda aka wanke gajeren wandon Navalny don a ɓatar da alamar gubar? Irin wannan ba ya jin bari.

Yaya: Ba waliyyi ba ne dai. Tsofaffin kalamansa kan baƙin haure ma sun sa Amnesty ta janye masa laƙabin fursunan ra'ayi na ɗan lokaci.

Auta: Wannan wata magana ce. Tawa ita ce: a musayar fursunoni ta Agustan 2024 tsakanin Rasha da ƙasashen Yamma, 'yan adawa Kara-Murza da Yashin sun fito da ransu.

Kawu: Kuma Yashin yana sauka Jamus ya ce shi bai nemi a fitar da shi daga Rasha ba, korarsa aka yi. Sai ka je ka ce masa ganganci.