"Baki shi ke yanka wuya": to wuƙar a hannun wa take?

Ɗanjuma:
Jama'a barkanmu da war haka. Karin maganar da na kawo yau ita ce "baki shi ke yanka wuya", kuma ina so a auna ta da abin da ya sami Kyle Larson, direban tseren NASCAR a Amurka. Ran 12 ga Afrilun 2020, lokacin da korona ta tsayar da tsere, direbobi suna wata gasar nishaɗi ta kwamfuta ana nunawa kai tsaye a intanet. Larson yana gwada ko mai yi masa jagora yana jin sa, sai ya furta kalmar nan da ake ƙasƙanta baƙar fata da ita, ashe a layin da kowa ke ji yake. Washegari NASCAR ta dakatar da shi, McDonald's da Credit One Bank suka janye tallarsu, Chevrolet ma ta ja baya. Ran 14 ga watan, ƙungiyarsa ta Chip Ganassi ta sallame shi. Kwana biyu kacal. Shin nan ne gurbin wannan karin magana, ko "magana zarar bunu ce" ta fi dacewa? Kuma masu cewa an tauye masa 'yancin faɗin albarkacin baki suna da hujja?

Malam Ilu:
Ɗanjuma, mutane suna haɗa biyun nan, alhali kowace da aikinta. Bunu tsohuwar ciyawar jinka ce. In ka zare ɗaya, duk dabararka ba za ka mayar da ita inda take ba, sai dai ta karye ko ta tanƙware. Iyakar abin da karin maganar ke faɗa ke nan: abin da ya fita ya fita. Ba ta ambaci hukunci ba, kuma ana iya faɗar ta a kan alkawari ko sirri ko saki. Ita kuwa "baki shi ke yanka wuya" kan sakamako take. A lura bakin da wuyan na mutum ɗaya ne, wato ba wanda ya yi maka sharri, kai ka jawo wa kanka. Don haka a kan Larson duka biyun sun hau, ta farko a daren da ya furta, ta biyu ranar da aka kore shi.

Barista Nafisa:
Allah gafarta Malam, na yarda da fassararka, sai dai baki ba ya riƙe wuƙa. Shi dai miƙa wuya yake yi. A harkar tsere hannu uku ne ke da wuƙa: hukumar da ke ba da lasisi, ƙungiyar da ke biyan albashi, da kamfanin da sunansa ke jikin mota. Yawanci na ukun ne mai yanka, don kuɗinsa ne ke juya tayar. Ku dubi abin da ya sami Larson: ƙungiyarsa ta fara da dakatarwa ba albashi, sai da masu talla suka gudu sannan kora ta biyo.

Batun 'yanci kuwa, gyaran farko na kundin tsarin mulkin Amurka, na 1791, gwamnati ya ɗaure wa hannu. Bai hana kamfani mai zaman kansa raba gari da wanda ya ga zai zubar masa da mutunci ba. Abin da ake amfani da shi wani sashe ne a kwantiragi, sharaɗin ɗa'a, wanda kamfanin fim na Universal ya fara sa wa 'yan wasansa a 1921 bayan badaƙalar ɗan wasan fim Roscoe Arbuckle. Wanda zai sa hannu, wuri huɗu ya kamata ya tsura wa ido. Me ke tayar da sharaɗin: sai kotu ta same ka da laifi, ko kawai in kamfani ya ga a ganinsa ka jawo masa abin kunya? Tazarar da ke tsakanin biyun nan ta kai sama da ƙasa. Sai hukuncin: dakatarwa ce, soke kwantiragi ne, ko har da maido kuɗin da aka riga aka biya? Sai ko akwai wa'adin gyara kafin a soke. Na ƙarshe, wanda aka fi mantawa, ko sharaɗin ya shafi tsohuwar magana da aka tono. Karin maganar da ta dace da wannan ɓangare ita ce "kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski".

Sabo Mai Taya:
Barista, ladan kuturu ya tsaya a kan mai talla. To hukuma fa? Ni abin da ke damuna shi ne yadda ake zuba komai a kwando ɗaya. Cin zarafin jinsin mutane daban, ashar ɗin da ta suɓuce daban. A Satumban 2024 a Singafo, direban Formula 1 Max Verstappen ya yi ashar a taron manema labarai na ranar Alhamis, kuma motarsa yake siffantawa, ba wani mutum ba. Alƙalan FIA, hukumar tseren motoci ta duniya, suka yanke masa aikin al'umma, wanda ya je ya yi a Kigali ta Ruwanda a Disamba. A Janairun 2025 hukumar ta fito da jadawalin tara: ga direban Formula 1, laifin farko Yuro 40,000, na biyu 80,000 da dakatarwar wata ɗaya a jingine, na uku 120,000 da dakatarwar wata ɗaya da cire maki. A Fabrairu aka ci Adrien Fourmaux tarar Yuro 10,000 a tseren daji na Suwidin, aka jingine wasu 20,000, saboda kalma ɗaya a hirar da ake yi da direba yana tsayar da mota, numfashinsa bai ma daidaita ba.

Abin ba sabo ba ne. A Oktoban 2004 Dale Earnhardt Jr. ya ci tseren Talladega, ya saki ashar cikin murna a talabijin kai tsaye, NASCAR ta ci shi dala 10,000 ta cire masa maki 25, ya faɗo daga saman teburi. Ku ce min baki ne ya yanka wannan wuya? Kai ka kawo makirufo ka cusa wa mutum a bakin tagar mota don kana son zafin maganar, in ya fito kuma ka miƙa takardar tara. Da aka je tseren Safari na Kenya a Maris 2025, direbobin suka rama: a ƙarshen zango wasu su yi gum, wasu su amsa da harshensu na gida. Shiru ma magana ce.

Hajiya Turai:
Sabo ya taɓo inda nake jira. Wannan karin magana tana da fuska biyu. In uwa ta faɗa wa ɗanta, nasiha ce. In mai iko ya faɗa wa na ƙasa da shi, barazana ce, sai a kula da wanda ke faɗa. Ran 10 ga Maris 2003 a Landan, kwanaki kaɗan kafin mamayar Iraƙi, Natalie Maines ta ƙungiyar mawaƙan Dixie Chicks ta ce suna jin kunyar shugaban Amurka ɗan jiharsu ta Texas ne. Ba zagi, ba ashar, ra'ayi ne kan yaƙi. Gidajen rediyon da ke sa irin kiɗansu suka daina, aka riƙa tara faya-fayansu ana farfasawa, har da barazanar kisa. A 2007 suka kwashe lambobin Grammy biyar, amma waɗancan gidajen rediyon ba su dawo musu kamar da ba. In ka ce "baki shi ke yanka wuya" a nan, ka ɗora mata laifi ke nan, ka wanke masu wuƙar.

Haka direban Formula 1 Lewis Hamilton a Mugello ta Italiya, Satumban 2020, da ya hau dandamalin nasara da riga mai kiran a kama 'yan sandan da suka kashe Breonna Taylor, wata baƙar fata 'yar Amurka. Ba a hukunta shi ba, dokar aka canja: kayan tsere kawai a kan dandamali, a zuge zif har wuya. Daga farkon 2023 kuma wani sashe na dokokin FIA ya ce duk wata sanarwa ta siyasa ko addini ko ta ƙashin kai sai an sami izini a rubuce. Ni a nan na fi ganin "tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka". Ita ba ta ce tsuntsun ya yi laifi ba, ruwan ma kowa zai amfana da shi.

Barista Nafisa:
Ranki ya daɗe, ƙarin bayani kan abin da na faɗa ɗazu, don kada a ɗauka gwamnati ba ta taɓa shigowa. A Satumban 2025 gidan talabijin na ABC a Amurka ya dakatar da shirin Jimmy Kimmel ran 17 ga wata kan abin da ya faɗa game da kisan Charlie Kirk, ɗan gwagwarmayar siyasa mai ra'ayin riƙau, ya dawo da shi ran 23. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne shugaban FCC, hukumar gwamnati mai kula da kafofin sadarwa, Brendan Carr, ya fito fili ya nuna za a iya taɓa gidajen talabijin masu lasisi, sannan kamfanonin Nexstar da Sinclair suka cire shirin daga tashoshinsu. Da zarar jami'in gwamnati ya sa baki don a hukunta magana, batun ya bar kwantiragi ya koma na kundin tsarin mulki, ko da kamfani ne ya zartar.

Ɗanjuma:
To ga biyu da suka ɗaure min kai. Noah Gragson, direban NASCAR, Agustan 2023: bai ce uffan ba, alamar so ya danna wa wani hoton ba'a kan mutuwar George Floyd, baƙar fatar da ya mutu a hannun 'yan sandan Amurka, a Instagram, aka dakatar da shi, ya rabu da ƙungiyarsa. Sai Conor Daly a 2018: kamfanin magani na Lilly Diabetes ya cire tallarsa daga motarsa saboda kalmar da mahaifinsa Derek Daly ya furta tun shekarun 1980, kafin a haifi shi Conor ɗin. Malam, baki na wa, wuya na wa?

Malam Ilu:
Na Gragson ba matsala. "Baki" a karin magana yana nufin duk abin da mutum ya bayyana kansa da shi, ai muna cewa wane ya sa baki a magana ko da wasiƙa ya aiko. Yatsa ma baki ne yanzu. Na Daly kam karin maganar ba ta hau ba ko kaɗan, tunda sharaɗinta bakin da wuyan su zama na mutum ɗaya. Wanda ya faɗe ta a kan yaron nan ya zalunce shi ya kuma zalunci Hausa. Hajiya kuma na karɓi gyaranki rabi. Gaskiya ne mai iko kan fake da ita, amma asalinta bayanin yadda duniya take ne, ba ta yanke hukuncin wa ke da gaskiya. Mai gaskiya ma bakinsa kan yanka wuyansa.

Hajiya Turai:
Rabin ma na gode, Malam. Amma a bakin mutane yau, in aka faɗe ta bayan abu ya faru, ma'anarta "shi ya so". Yadda ake amfani da ita nake magana.

Sabo Mai Taya:
Mu koma kan bunun, don ni ina ganin wani lokaci yana komawa, ya danganta da wanda ya zare. NASCAR ta maido da Larson daga farkon 2021 bayan ya yi horon da ta gindaya, mai ƙungiyar tsere Rick Hendrick ya ba shi mota mai lamba 5, ya ci tsere 10 ya ɗauki kambun shekarar. Jüri Vips kuwa, matashin direban da ƙungiyar Red Bull ta Formula 1 ke renon sa, ya furta irin wannan kalma yana wasan kwamfuta kai tsaye a Yunin 2022, cikin mako guda aka soke kwantiraginsa. Ya ƙarasa kakar Formula 2 da Hitech, amma ƙofar Formula 1 ta rufe. Laifi ɗaya ne. Bambancin, Larson ya riga ya nuna yana cin tsere, shi kuwa Vips akwai yara a layi suna jiran kujerarsa.

Barista Nafisa:
Yaya Sabo, duba jikin motar Larson ta 2021 da kyau. A yawancin tseren sunan da ke kai HendrickCars.com ne, kasuwancin mai ƙungiyar da kansa. Wato manyan masu talla ba su yi tururuwar dawowa ba, mai gida ne ya ɗauki nauyi daga aljihunsa. An yi sabuwar jinka ne, tsohon bunun bai koma ba.

Abin da ke rage barna a aikace shi ne mintunan farko. Charles Leclerc ya yi ashar a taron manema labarai bayan tseren Meziko na 2024, nan take ya kama bakinsa ya nemi afuwa, alƙalai suka rubuta hakan a matsayin sassauci: Yuro 10,000, rabi a jingine. Yuki Tsunoda a Ostiriya a shekarar ya zagi wasu direbobi ta rediyon mota da kalmar da ke muzanta masu lalurar ƙwaƙwalwa, ya bayyana cewa bai san nauyinta a Turanci ba, aka ci shi 40,000, rabi a jingine. Inda ake ɓata lamari shi ne afuwar "in akwai wanda ya ji haushi", ko goge rubutu a yi shiru bayan an riga an ɗauki hotonsa, ko ɗora laifi kan magani kamar yadda 'yar wasan talabijin Roseanne Barr ta yi a Mayun 2018, bayan ABC ta soke shirinta a ranar da ta yi wani rubutun wariyar launin fata a Twitter. Kamfanin maganin da kansa ya fito ya ce wariyar launin fata ba ta cikin illolin maganinsa.

Ɗanjuma:
Sabo, wancan jadawalin tarar yana nan har yanzu?

Sabo Mai Taya:
An sassauta a Mayun 2025. Tarar tushe, wadda a jadawalin Janairu ake ninkawa huɗu ga direban Formula 1, ta sauko daga Yuro 10,000 zuwa 5,000, an ba alƙalai damar jingine ta gaba ɗaya a laifin farko, an kuma raba wurare biyu: inda direba ke zaune a natse kamar taron manema labarai, da inda yake cikin zafin tsere kamar rediyon mota ko ƙarshen zango. Kalaman wariya da cin zarafin jami'ai ba su shiga sassaucin ba. Malam Ilu, a nemo mana karin maganar da ta raba bakin da ke zaune a kujera da bakin da ke gudun kilomita 300 a awa, don ni ban samo ba.