Ina da bashin kiredi 12, ko zan iya komawa Maraɗi haka?

Ɗan Mirya:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Na gama shekarar farko a fakiltin kimiyya ta Jami'ar André Salifou a nan Damagaram. Samestir na farko ya fito lafiya, na biyun ne ya bar ni da bashi: cikin kiredi 60 (ma'aunin darussan da ake tarawa a shekara) na samu 48, lissafi da fizik suka riƙe 12. Ni kuwa tun ina ɗan lise aikin gona nake so. Baba yana da lambu a Mirya, tun ina yaro nake ganin tsutsa na cinye mana tumatir, mu sayi magani a kasuwar Dole ba tare da sanin ko shi ya dace ba. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi tana da fakiltin aikin gona da muhalli. Za su karɓe ni a shekara ta biyu da wannan bashin, ko sai na koma fari? Baba ya ce in tambayi waɗanda suka riga ni kafin ya ba da kuɗin mota.

Yaya Mai Taswira:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ka raba abu biyu da ka haɗa: sauya jami'a daban, sauya fanni daban. A tsarin LMD (lisans, masta, doktora) lisans shekara 3 ce, samestir 6, kowanne kiredi 30, jimla 180. Duk rukunin darasin da ka ci da 10 bisa 20 ya zama naka har abada, ba mai ƙwace shi, kuma an tsara shi don ya bi ka wata jami'a. Amma bin ka ba ya nufin ya yi maka aiki. Malaman fakiltin da za ka je su ne za su ɗora takardar makinka kusa da nasu tsarin, su duba me ya yi daidai. Ilimin tsirrai da kimiyyar sinadarai na iya shiga, wani darasin kuma su ce ba su da irinsa. Wanda ya zo da shekara cikakkiya ana saurarensa da sauƙi. Mai bashi kuma mai sauya fanni, yawanci shekarar farko ake nuna masa.

Shawarata, kada ka motsa sai ka zauna ratirafaji, wato jarrabawar gyara ta darussan da ka faɗi. Ka duba kuma ko makin sauran darussa zai ɗaga na lissafin, domin akwai ramuwa tsakanin darussan rukuni guda. Kiredi 12 ba dutse ba ne. Ka nemi tsofaffin tambayoyi wajen ƴan shekara ta biyu, ku haɗu ku uku ko huɗu bayan la'asar a gaban allo. Daga nan ka karɓi takardar makin da hatimi, ka haɗa da ta bak (jarrabawar gama lise) da wasiƙar neman sauyi, ka kai da ƙafarka. Kada ka aika ta hannun yaron mota.

Hajiya Malama:
Ɗana, duk abin da yayanka ya faɗa gaskiya ne, amma ni ta wajen ciki zan yi maka magana. Yanzu in kuɗi suka yanke maka, Mirya ko kilomita 20 ba ta kai ba, ka hau mota da safe, azahar ka dawo da gero da busasshiyar kuɓewa. Maraɗi ta haura kilomita 200, sai ka bi ta Takeita da Tasawa. Ɗiyata da ta yi karatu nesa da gida, ba darasi ya fi wahalar da ita ba, haya ce da abincin dare. Wata rana ta kira ni tana dariya, wai garin rogo da ƙuli ta sha kwana uku a jere, ni kuwa ban yi dariya ba. Kafin ka tafi ka san inda za ka kwana: ɗakin CROU ne, wato hukumar kwana da abincin ɗalibai, ko gidan dangi, ko haya da abokai. In kana da bursi ko tallafi, ka je ka ji daga bakin ANAB, hukumar bursi, abin da sauya fanni ko maimaita shekara zai yi masa. Kada ka ɗauki labari a fada wajen shan shayi.

Ɗan Zango a Yamai:
Ranki ya daɗe Hajiya, kin taɓo inda ke ciwo. Mu da muke Jami'ar Abdou Moumouni, kusan kilomita 900 daga gida, sallah kaɗai ke ganinmu. Amma aboki, ni ban ga laifin komawa fari ba in har gonar kake so da gaske. Shekara guda ce. Mutum ya ƙare lisans a fannin da ba ya ƙauna, shi ne asarar. Sai dai ka sani, lissafin da kake gudu yana can yana jiranka, don ba a auna taki ko ruwan ban-ruwa da ido.

Ɗan Mirya:
Allah ya saka da alheri. Yaya, na samu ƴan shekara ta biyu da suka yarda su zauna da ni kan lissafin. Hajiya, ƙanen innata yana sayar da taya a Maraɗi, Baba zai kira shi yau da dare kan maganar ɗaki. Saura tambaya guda: takardar makin samestir biyun a haɗe ake ba da ita, ko kowanne da tasa?